Sai Kira Ya Bi ta Zaure

Har yau idan na ji ƙamshin naman saniya ana soya shi da albasa, sai miyau ya taru a bakina. Ba miyau na kwaɗayi ba, irin mai ɗumin nan da ke zuwa kafin amai. Ina son nama kamar kowa. Wata rana ce a Ikara ta ɓata mini wannan ƙamshi, ranar kuwa ta samo asali ne daga wani akwati mai launin toka da aka kafe a bangon wani ɗan ɗaki.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Zariya ba. Na dawo gida, na sami aiki a wani kamfani na iyali da ke sayar da magungunan dabbobi da dusa da gishirin lasa. Babban ofis yana Ikara, akwai shago a Makarfi, akwai wani a Kudan. Mai kamfanin dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa, ni kuma ina ce masa Baba. Ƙaninsa ke biye da shi, muna ce masa Baba Ƙarami. Sai babban ɗan Alhaji, sai manaja, sai can ƙasa likitan dabbobi, wani saurayi da ba ɗan gidan ba, wanda kuma saboda shi ne makiyaya da manoma ke neman mu. Ni ko cikin jerin ba na ciki. Mai kwamfuta ake ce mini.

Ranar kasuwa akwai wata tsohuwa da ke zuwa daga Janfalan, ina ce mata Inna. Saniya ɗaya gare ta, fara mai ɗigon baƙi a wuya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata. Da nonon saniyar take riƙe kanta da jikokinta marayu. Ba ta sayen wani abu mai yawa, ɗan gishirin lasa ne ko maganin kaska, amma takan zauna a bencin da ke ƙofar ofishina ta hutar da ƙafa, ta cika wurin da surutu. Likita kuwa angonta take ce masa.

"Angona, ka rame. Wace ce ke hana ka abinci in je in ja mata kunne?"

"Ke ce, Inna. Tun da kika aure ni ko ludayi ɗaya na nono ban gani ba."

"Kai dai kwaɗayayye ne. Bari ta haihu, sai ka sha har ka roƙe ni in bari."

Saniyar tana da ciki a lokacin. Haihuwarta ta baya da ƙyar aka sha, maraƙin ya zo a gicce, likita ne ya sa hannu ya juya shi. A gabana ya daina wasa ya ce mata, "Inna, da kin ga ta fara naƙuda kada ki jira, kada kuma ki bari a ja da igiya. Ki sa a kira ni nan take. In aka yi jinkiri za ki rasa ta." Inna ba ta da waya, ta wani maƙwabcinta take ara. Ba ta kuma damu ba, don a wancan lokaci abin mai sauƙi ne: a yi wa likita filashin, shi ya kira.

Wannan sauƙin ne bai yi wa Alhaji daɗi ba. Wani ya kai masa magana cewa mutanen ƙauye sun zama mutanen likita, ba mutanen kamfani ba, wata rana yaron zai tashi ya tafi da su duka. Sai Alhaji ya sayi akwatin rarraba kira. Layin da kowa ya san likita da shi dama na kamfani ne, aka karɓe shi aka sa cikin akwatin. Aka kuma kafa doka: duk ma'aikacin da ya ba mai saye lambar wayarsa ta kansa, ya ajiye aiki.

Wani injiniya ne ya zo daga Kaduna ya kafa shi, a ɗakin da a da ake ajiye dusa. Ban taɓa shiga ɗakin nan ban riƙe numfashi ba. Warin fitsarin ɓera ya kama bango, ga kwalaben maganin da ya lalace an tara su a lungu, wani ruwa mai yauƙi yana tsiyaya daga ƙasansu, ga kashin tsaka a kan taga. A bayan ƙofa akwai wani gwangwanin madara da Baba Ƙarami ke tofa tukar goro a ciki idan ya shigo neman inuwa, ba wanda ya taɓa zubar da shi. Nan aka ajiye mini tebur da kwamfuta, domin ni zan riƙa kula da akwatin.

Amma da injiniyan ya buɗe mini shafin saiti, sai na manta da warin. Kowace wayar tebur, har da na Makarfi da Kudan, tana da 'yar lambarta ta cikin gida. Ni zan faɗa wa akwati inda kira zai fara sauka, tsawon lokacin da zai yi yana ƙara, inda zai nufa idan ba a ɗauka ba, da inda zai je bayan an tashi aiki. Sai na tuna fadamar kakana da rani, yadda yakan tsaya da fartanya ya buɗe wannan hanyar ruwa ya toshe waccan, ruwa ya bi a hankali har ya isa fangalin da ke jin ƙishi. Na ji kamar an miƙa mini fartanyar. Muryoyi za su taso daga Furana, daga Nasarawan Doya, su tsallake gonakin rake, ni kuma in nuna wa kowace hanyarta. Injiniyan ya ba ni kalmar sirri, ya ci shinkafa, ya koma Kaduna.

Kashegari Alhaji ya tara mu a ofishinsa don a tsara hanyar kira.

Na ce, "Baba, mafi sauƙi shi ne murya ta ce wa mai kira: mai neman likita ya danna ɗaya, mai neman shagon Makarfi ya danna biyu, Kudan uku."

"Ni kuma nawa?"

"Sai a sa ka huɗu, ko kuma..."

Baba Ƙarami ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. "Yaya, ka ji ko? An sa ka a huɗu. Bayan Kudan!"

"To a sa ka a ɗaya, Baba," na ce da sauri.

Alhaji bai yi fushi ba. Mutum ne mai taushin murya, a hankali ya yi mini bayani kamar yana koya wa jikarsa alwala. "Ba zancen lamba ba ne, 'yata. Ke in kika je gidan mutum, tsallake zaure kike yi ki faɗa ɗakin yara? Baƙo yakan yi sallama, maigida ya amsa, a gaisa, sannan a ce masa ya shiga. Wannan akwati gidana ne. Duk wanda ya kira, ta zaure zai bi."

Na ce to akwai wata hanyar, a sa duk wayoyin su yi ƙara lokaci ɗaya, wanda ke kusa ya ɗauka. Aka ce a gwada, kowa ya koma teburinsa. Na saita, na kira da wayata. Ginin ya ɗauki ƙara ta ko'ina. Ba wanda ya ɗauka. Manaja ya miƙa hannu ya tsayar da shi a sama, yana kallon ƙofar Alhaji. Likita ya harɗe hannuwa a ƙirji. Wa zai ɗauki waya alhali ta Alhaji tana ƙara? Shi kuma Alhaji yana laluben tabarau a aljihun babbar riga. Da ƙarar ta mutu aka sake taruwa, sai ya ce, "Wannan ai kasuwa ce. Kowa na magana a bakin kowa. Cire."

Haka aka tsaya a kan jeri. Kira ya fara da Alhaji, ya daɗe yana ƙara, don wataƙila yana alwala. In bai ɗauka ba ya wuce wurin Baba Ƙarami, wanda ya ce a rage masa kaɗan daga na yayansa amma lallai ya fi na ɗan yayansa tsawo. Aka ɓata rabin safiya ana jayayya tsakanin babban ɗa da manaja a kan wa ke gaba, jini ko shekaru, har Alhaji ya yanke cewa jini. Likita na ƙarshe, ai shi yaro ne. Bayan an tashi aiki kuwa, kowane kira ya tafi wayar hannun Alhaji, shi kaɗai.

Na tattara ɗan ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Baba, akwatin yana ɗaga kira ne nan take. Daga lokacin da ya ɗaga, katin mai kira ya fara tafiya, ko da ba wanda ya yi masa magana. Filashin ma ba zai yiwu ba yanzu. Kafin a iso kan likita, mutumin ƙauye katinsa ya ƙare." Inna nake gani a raina ina wannan magana, da saniyarta mai ɗigon baƙi.

"Mai son dabbarsa zai sa kati," in ji babban ɗan. Likita yana kallon takalminsa. Aka tashi.

Saura sallamar da akwati zai riƙa yi wa mai kira kafin ya fara ƙara. Na riga na tsara 'yar gajeriya, na kuma yi ta maimaita ta a hanyar gida, ina sauraren yadda kalmomin ke faɗuwa. Ina so ta zama kamar ruwan randa ga wanda ya sha rana. Baba Ƙarami ya ce ba a sa muryar budurwa ta riƙa amsa wa kowane ƙato, shi zai yi. Ta kan wayar tebur ake naɗa, kai tsaye zuwa cikin akwati, ba a iya yanke wani wuri, sai dai a sake daga farko. Na aro wayar manaja na jona a ɗakina, ya zauna a kujerata ya manna baki da ita. Ya yi sallama, ya gai da gida, ya gai da aiki, ya gai da damina, ya yi wa yayansa kirari, ya fara jero kayan da muke sayarwa. Yana tsakiyar maganin tsutsar ciki sai kaki ya taso masa. Ya ja shi tun daga ƙirji da wata ƙara kamar ana jan benci a kan siminti, ya juya ya tofa a gwangwaninsa, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Baba Ƙarami, ko za a sake? Tarin ya shiga."

"Wane ne ba ya tari? Na gaji. Bar shi, su san mutum ne ba aljani ba."

Da ya fita na ɗauki wayar, duk bakinta jajayen ɗigo ne na goro, a jiƙe. Na goge da takarda, na wanke hannu, na sake wankewa. Duk wanda ya kira mu daga ranar, sai ya biya da katinsa ya saurari wannan kaki. Ni kuma kowane gwaji na yi sai na ji shi a cikin kunnena.

Alhaji ya ji daɗin akwatinsa ƙwarai. Waya na ƙara zai gyara zama, ya yi sallama, ya tambayi mai kira ɗan wane gida ne, ina mahaifinsa, yaya aka ji da rasuwar wane. Akwai maɓallin da ake dannawa a tura kira ga wani, na nuna masa har na ɗaura masa ɗan jan zare a gefe don ya gane shi. Bai taɓa dannawa ba. Sai dai ya ajiye kan wayar a tebur ya leƙa taga ya ƙwala, "Likita! Zo ana nemanka!" Kafin likita ya tsallako tsakar gida, layi ya mutu. A allon kwamfuta ina ganin kira yana shigowa, ɗan kore, ya tsaya a ƙofar Alhaji, ya matsa ƙofar Baba Ƙarami, ya matsa gaba, ya ɓace. Ruwan fadamata yana ƙafewa a hanya bai isa ko'ina ba.

Ranar kasuwar da ta biyo na zauna kusa da Inna a benci. Ta ce cikin saniya ya sauka, hantsarta ta cika.

Na ce, "Inna, lambar ba ta canza ba, amma yanzu in kin kira wataƙila Alhaji ne zai ɗauka. Da kin ji muryarsa ki ce likita kike nema, saniya na naƙuda. Kada ki tsaya gaisuwa."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ni? In katse babban mutum yana gaishe ni? Wa ya raine ki, 'yar nan? Boko ya cinye miki kunya."

"Katin ne ke ƙarewa, Inna."

"Ya ƙare mana. In ya ƙare ba a ce tsohuwar Janfalan ba ta da ladabi ba."

Likita ya matso, na ga yana laluben biro a aljihu. Manaja na tsaye a bakin ƙofa yana sakace, idonsa a kanmu. Likita ya mayar da hannunsa, ya ce da ita da saura kwanaki ai, in ta zo kasuwa mai zuwa za su yi magana. Saniyar ba ta jira kasuwa mai zuwa ba.

Da ruwa aka tashi ran nan. Na iso ofis gefen zanena duk laka, na tarar da Alhaji a rumfar tsakar gida shi da Baba Ƙarami suna shan shayi. Fuskarsa sai walƙiya take yi. Na durƙusa na gaishe su.

"Yauwa, 'yata, zo ki ji aikin akwatinki. Yau da asuba, ko lazimi ban gama ba, wata tsohuwa ta kira ni daga Janfalan. Gaisuwa kawai! Na tambayi yara, na tambayi damina, na tambayi mai unguwarsu, ashe ma ta san marigayi surukina. Muna cikin haka layi ya yanke. Kin ga zumunci ko? Da ba don akwatin nan ba ina za ta same ni?"

Na ce, "Baba, ba ta ce komai a kan saniya ba?"

"Na tambaye ta mana. Na ce yaya dabbobi, ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi."

To me za ta ce? A cikin gaisuwa ake. Ko gawa ce kwance a ɗaki, in aka ce ina kwana lafiya lau ake cewa, sai an gama gaisuwa tsaf sannan a kawo abin da ya kawo mutum. Inna ta tsaya a ƙofar maƙwabcinta cikin ruwa, saniyarta na nishi a bayan danga, ta saurari kakin Baba Ƙarami har ƙarshe, ta amsa wa Alhaji gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tana jiran ya kai ƙarshe ta faɗi abin da ke tafe da ita. Alhaji kuwa gaisuwarsa ba ta da ƙarshe.

Na ruga ɗakin akwati. Ina buɗe allo na ga ɗan koren nan yana tafiya, lambar da ta kira da asuba ce ta sake kira. Ya riga ya wuce ofishin Alhaji, inda ƙarar ruwa a kan kwano ta danne ƙarar waya, ya wuce na Baba Ƙarami, yana ƙara a teburin babban ɗa, wanda bai ma fito daga gida ba. Ni ba a ba ni wayar tebur ba, mai kwamfuta me za ta yi da waya. Ina kallo ya mutu.

Na kira lambar da wayata. Maƙwabcin ne ya ɗauka, yana haki. Na yi abin da Inna ta ce boko ya koya mini, ban gaishe shi ba.

"Malam, saniyar Inna ce?"

"Ita ce! Tun asuba muke fama. Kati ya ƙare, sai da na taka har bakin titi na samo wani, shi ma wannan mai tarin ya cinye. Wai wane ne mai tarin nan? Ƙafa ɗaya ce ta fito, ta tsaya. Mutane sun kawo igiya."

"Kada su ja! Don Allah ka ce kada su ja."

"'Yar nan, sun daɗe da fara ja."

Likita ran nan yana Kudan, ranar zuwansa can ce. Na kira shi, bai bari na gama ba na ji yana tayar da babur. Daga Kudan sai ya ratsa Makarfi kafin ya kamo hanyarmu, sannan ya sauka daga kwalta ya shiga laka. Na koma na zauna a cikin warin ɓera ina kallon allo, ba abin da zan danna. A waje Baba Ƙarami yana ba da labarin wani ɗan tireda da ya taɓa sani a Janfalan.

Sai bayan azahar likita ya isa. Da la'asar ya dawo ofis, rigarsa ta bushe da laka da jini, ya tsaya a ƙofar ɗakina bai shigo ba. Ya ce maraƙin ya mutu a ciki, igiya kuma ta yaga uwar, ya tarar da ita kwance idonta ya fara juyewa. Shi da kansa ya ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Ya ce Inna ce ta riƙe mata kai. Na tambaye shi da an same shi da asuba fa? Ya juya ya tafi wanke hannu.

Kashegari da hantsi maƙwabcin ya zo a kan babur da ƙunshi a baƙar leda, jini na ɗiga ta ƙasa. Ya durƙusa gaban Alhaji, aka gaisa, aka gaisa, aka gaisa. Sannan ya ce Inna ce ta aiko, saniyarta ta faɗi an yanka, ga ɗan kason Alhaji, ta gode da gaisuwar jiya da addu'a, a yi haƙuri ba yawa.

Alhaji ya yi salati. Da gaske abin ya taɓa shi, na ga idonsa ya kawo ruwa. "Allahu akbar. Ashe abin da ya sa ta kira ke nan. Ai da ta faɗa mini! Baiwar Allah, me ya hana ta faɗa?" Ya ce a ɗauki buhun dusa a kai mata. Likita ya ce a hankali, "Alhaji, ba ta da mai ci." Alhaji ya ce to a kai mata masara.

Naman kuwa aka miƙa wa mai abincin da ke jikin katangarmu. Kafin azahar ƙamshi ya cika ofis, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo ɗakina ya gauraya da warin ɓera. Aka kawo shi a faranti, da albasa da yaji, aka ajiye a rumfa. Kyauta ce, ba a mayar da kyauta, na sani. Amma na tsaya ina kallon hannuwa suna shiga suna fita. Babban ɗa ya iso daidai lokacin, ya nannaɗe hannun riga. Manaja yana cewa naman ya yi tauri, tsohuwar saniya ce. Baba Ƙarami ya sami ƙashi yana zuƙar ɓargo da ƙara, mai yana gangaro masa ta gemu, yana buga ƙashin a gefen faranti. Waya ta yi ƙara a ofishinsa, ya tashi ya ɗauka da hannun nan mai maiƙo, bakinsa cike, ya ce, "Salamu alaikum, ina gajiya?"

"'Yata, zo ki sa albarka," in ji Alhaji, yana miƙo mini tsoka.

Na ce na ƙoshi. Na zagaya bayan gini, wurin da ake zubar da kwalabe, na yi amai har sai da idona ya yi ja. Ai saniyar nan ce da nake jin labarinta duk ranar kasuwa, wadda aka ce tana sanin takun Inna tun daga nesa.

Da na wanke baki na dawo na durƙusa gaban Alhaji. Na ce, "Baba, don Allah a bar kira ya riƙa zuwa wurin likita kai tsaye. Ko da na asuba ne kawai."

Ya goge hannu da tsumma. "Gida ba ya zama ba zaure, 'yata. Yau in na buɗe, gobe kowa ta katanga zai shigo." Ya ajiye tsumman. "Amma wannan tsohuwa ai ta zama 'yar gida. Mun gaisa, mun ci abincinta. 'Yar gida ba ta tsayawa a zaure. Akwatin naki zai iya gane ta?"

"Zai iya gane lambar maƙwabcinta, Baba."

"To sa ta wuce. Ita kaɗai."

Na koma ɗaki na saita. Aikin bai ɗauke ni komai ba. Na shigar da lambar, na ce wa akwati idan ita ce, ba sallama, ba kaki, ba jeri, dare ko rana, ta zarce wurin likita. Na gwada tsarin ta hanyar sa lambata a madadinta, wayar likita ta yi ƙara tun kafin in kai tawa kunne. Sannan na cire tawa na mayar da ta maƙwabcin. Hanya ce miƙaƙƙiya, mai tsabta, irin wadda na yi mafarki ranar farko.

An yi kasuwa da yawa Inna ba ta zo ba. Da ta zo, kuka da kuɓewa busasshiya ta kawo sayarwa a ɗan kwando. Ta zauna a bencinta, ta rage surutu. Likita ya fito ya durƙusa.

"Angona, na sake ka," ta ce. "Ba ni da nonon ba ka. Je ka nemi mai shanu."

"Ni ban karɓi sakin ba, Inna."

Ta yi ɗan murmushi. Ta tambayi Alhaji, ta ce mutumin kirki, ya aiko mata da masara. Na matsa kusa na gaya mata cewa yanzu an gyara, in ta kira da wayar maƙwabcinta ba wanda zai tare ta, likita za ta samu nan take.

Ta gyara ɗaurin kallabinta, tana kallon masu wucewa da awaki.

"In kira in ce masa me, 'yar nan?"

Na yi shekara guda a wurin bayan haka, a ɗakin nan, da gwangwanin nan a bayan ƙofa. Kullum ina kallon 'yan korayen suna shigowa, suna tsayawa ƙofa ƙofa, suna mutuwa. Ranar da zan bar aiki na buɗe shafin saiti don in nuna wa wanda zai gaje ni. Hanyar Inna tana nan a saman jeri, a buɗe. Ba a taɓa bin ta ba.